Jagoran Ɗibar Maniyyin Bunsuru da Gwajin Ingancinsa

A ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a Sudan, tun daga kambuna, wato sansanonin ma'aikatan gona, da ke gefen hawashoshi, wato gonakin ban ruwa, har Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kudu da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, da wuya ka shiga gidan Bahaushe ba ka tarar da akuya a turke ba. Galibinsu na mata ne. Madarar shayin safe daga gare su take fitowa, haka kuɗin magani da na littafin yaro. Bunsuru kuwa ba kowane gida ke ajiye shi ba. Sau da yawa guda ɗaya ke yi wa unguwa sukutum barbara, saboda haka idan ya gaza, gidaje da yawa ne za su wayi gari babu ɗan akuya, babu nono. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, ya raba mutane masu yawa da dabbobinsu, kuma duk mai son ya sake tara garke dole ya san irin bunsurun da zai dogara a kansa. Sayen bunsuru don tsayinsa da kyan gemunsa kaɗai cinikin biri ne a sama.

Dalilin wannan jagora shi ne kura-kuran da nake gani suna maimaituwa a hannun matasan da suka shigo aikin. Za ka ga yaro mai ƙwazo ya ɗebi maniyyi a kwalba mai sanyi, ko wadda ba ta gama bushewa ba, ya duba a madubin likita ya ga babu motsi, ya ce wa mai bunsuru ya kai shi kasuwa. Ƙwayoyin maniyyi halittu ne masu rai, kuma marasa juriya. Abin da ka gani a madubi sakamakon abu biyu ne: lafiyar bunsurun da kyawun aikin hannunka. Kafin ka yanke wa dabba hukunci, tabbata ba kai ka kashe abin da ta ba ka ba.

Kayan da za ka tanada

Farjin roba na awaki da tumaki: bututu mai tauri wanda tsawonsa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, da rigar ciki ta roba mai laushi, da mazurarin roba da ake ɗaura wa a ƙarshensa.
Kwalbar tara maniyyi mai alamun mililita, da rigar auduga ko soso da za a sa mata.
Ma'aunin zafi, da fulas biyu: ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37.
Man shafawa wanda ba ya kashe maniyyi. Man girki da man gashi da sabulu ba su cikin lissafi.
Madubin likita mai ƙara girma sau 40, 100 da 400, da gilasan gwaji da murafensu.
Gilashin ƙirga mai suna Neubauer, da ma'aunin ɗigo, da ruwan gishiri mai ɗan fomalin.
Rinin iyosin da nigirosin, da takardar auna tsami.
Tef ɗin tela, almakashi, safar hannu, takunkumin hanci, tsumma mai tsabta, da littafin rubutu.
Akuya mai natsuwa, da mataimaki mai haƙuri wanda zai riƙe ta.

Mataki na 1: Duba bunsurun kansa

Fara da tambayar mai shi. Shekarunsa nawa? Awaki nawa ya hau, nawa suka ɗauka? Ya yi zazzaɓi ko tari a 'yan watannin nan? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 47 kafin ta ginu a cikin maraina, sannan ta ƙara kusan mako biyu tana nuna a bututun ajiya. Ke nan abin da ka ɗiba yau labarin wata biyu da suka wuce yake ba ka. Bunsurun da ciwon huhun nan da ake kira abu nini ya kwantar, ko da ya warke sarai yana ci yana tsalle, maniyyinsa zai jima bai dawo daidai ba.

Daga nan duba ƙafafun baya da kofato, domin a kansu yake tsayawa lokacin hawa. Duba haƙora da idanu da yanayin jiki. Wanda ya rame ba shi da ƙarfi, wanda ƙiba ta yi wa yawa kuma kitse yana dumama masa maraina.

Sai ka tsuguna a bayansa ka kama maraina da hannu biyu. Ana so su zama biyu cif, girmansu ɗaya, masu ƙarfi amma suna ɗan lotsawa idan ka matsa, suna zamewa cikin jakarsu ba tare da mannewa ba. A ƙasan kowace ƙwaya akwai ɗan dunƙule, shi ne wutsiyar bututun ajiya, wanda likitoci ke kira efididimis. Idan ka ji ya kumbura, ya yi tauri, ko dabbar ta zabura don zafi, akwai ciwo. Ja marainan ƙasa a hankali, ka zagaya tef a inda suka fi faɗi. Baligin bunsuru mai nauyin kilo 40 ko fiye ana so ya kai kusan santimita 25. Awon yana da amfani saboda girman maraina yana tafiya da yawan maniyyin da suke samarwa kullum.

A kula da bunsurun da aka haifa ba ƙaho, musamman mai jinin Sanin, farar akuyar Suwizalan da aka daɗe ana haɗawa da Banubiyarmu a wajejen Khartum don ƙarin nono. Gadon rashin ƙaho yana tafe da matsalar haihuwa: idan uwa da uba duk ba su da ƙaho, akan samu mata-maza a cikin 'ya'yan, akan kuma samu maza masu toshewar bututu. Irin wannan bunsuru zai yi ta hawa da zafinsa, amma babu ciki.

Mataki na 2: Kare kanka

Cutar da mutanen Sudan ke kira maltiya daga awaki da tumaki ta fi kama mutum, kuma ƙwayarta na iya kasancewa a maniyyi da maraina. Tana shiga ta ƙaramin rauni a hannu, ko ta ido da baki. Wanda ya taɓa ganin mai fama da ita, da zazzaɓin dare da gumi da ciwon gaɓoɓi na watanni, ba zai yi wasa da safar hannu ba. Kada ka taɓa zuƙar ma'aunin ɗigo da baki. Kada ka ci ko ka sha a wurin aiki. Idan garken yana da tarihin ɓarin ciki, ko ka ji kumburi a maraina, dakatar da komai a ɗauki jini a gwada tukuna. Maniyyin bunsuru mai wannan cuta idan aka raba shi ga awakin unguwa, cutar aka raba.

Mataki na 3: Koya masa hawa a gabanka

Bunsurun ƙauye bai saba a tsaya kusa da shi lokacin barbara ba. Sababbin hannu sukan zo rana ɗaya da kayansu, bunsuru ya ƙi, su ce ba shi da sha'awa. Ba shi lokaci. Zaɓi wuri ɗaya mai inuwa, ƙasa mai tauri wadda ba ta santsi, nesa da taron yara. Kawo akuyar da ke neman bunsuru, wadda za ka gane da kaɗa wutsiya da yawan kuka da kumburin gaba. A kwanakin farko bar shi ya hau kana tsugune a gefe, ba ka taɓa shi. Bayan haka ka fara dafa shi, har ya daina kula da kai. Wani yakan saba cikin kwana kaɗan, wani sai mako biyu ko uku. Idan ya saba, ko akuyar da ba ta nema aka riƙe masa zai hau. Duka da tsawa haramun ne a nan, domin bunsuru ba ya manta wurin da ya sha wuya.

Kafin ranar ɗiba a raba shi da awaki kwana biyu ko uku. Aske dogon gashin bakin kube da almakashi, ka goge cikinsa da busasshen tsumma. Bunsuru yana fesa wa kansa fitsari a gemu da ƙafafun gaba idan sha'awarsa ta motsa, kuma wannan datti ne ke gangarawa cikin kwalba idan ba a tsabtace shi ba.

Mataki na 4: Haɗa farjin roba

Wani Ba'italiye mai suna Amantea ne ya fara ƙera wannan na'ura a 1914 don kare, daga baya aka daidaita ta ga shanu da tumaki da awaki. Hikimarta ita ce ta kwaikwayi abu uku da bunsuru ke ji a jikin akuya: ɗumi, matsi da santsi.

Zura rigar ciki, ka naɗo bakinta biyu a kan bututun, ka ɗaure. Zuba ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55 a tsakaninsu har ya kai rabi ko kashi biyu cikin uku, ka hura iska kaɗan har bakin ya tsuke. Sa ma'aunin zafi a ciki: ana so ya nuna digiri 42 zuwa 45 a lokacin hawa. Idan ya gaza haka bunsuru zai zura amma ba zai saki ba. Idan ya wuce, za ka ƙona shi, ka kashe maniyyin, kuma mai yiwuwa ya ƙi na'urar har abada. Kada ka auna da yatsa. Yatsan da ya saba ɗaukar kofin shayi ba ya bambance 44 da 50.

Shafa mai kaɗan a bakin kawai. Idan ya yi yawa azzakari zai tura shi cikin kwalba. Ɗaura mazurari da kwalbar, wadda ka riga ka ɗumama kuma ta bushe ƙayau, ka sa mata rigarta.

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin kwalba yana kumbura ƙwayoyin ya fasa su, domin ruwa zalla ba shi da gishirin da jikinsu ke da shi. Ragowar sabulu guba ce. Ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, kuma bai dace da wanke waɗannan kaya ba sam. Wanke da ruwa mai tsabta, ɗauraye sau da yawa da tataccen ruwa ko wanda aka tafasa, ka shanya a inda ƙura ba ta kaiwa. Kowane bunsuru da tasa rigar ciki.

Mataki na 5: Ɗiba

Yi aikin da safe kafin rana ta ɗaga. Tsuguna a daman akuya, na'urar a hannun dama, bakinta yana kallon bunsuru, kwalbar tana ɗan sama kaɗan daidai da yadda azzakari ke fitowa. Bar shi ya sansana, ya yi yunƙurin hawa sau ɗaya ko biyu, mataimaki ya janye shi. Wannan jan rai yana ƙara yawan maniyyi da kaurinsa.

A hawa na gaskiya, sa hannun hagu ka kama kube, ka karkatar da azzakari zuwa bakin na'urar. Kube za ka kama, kada ka taɓa azzakarin kansa, domin da ya ji hannu zai janye. Kada kuma ka tura masa na'urar. Shi zai shigo. Bunsuru ba ya ɓata lokaci: za ka ga ya yi zungura ɗaya mai ƙarfi, ya cilla kai baya, ƙafafunsa har sukan bar ƙasa, shi ke nan an gama. Wanda ya tsaya gyara zama zai tarar ya sauka. Nan take ka miƙar da na'urar kwalba tana ƙasa, ka saki iska don maniyyin ya gangara, ka cire kwalbar, ka rufe, ka tsoma gindinta a fulas mai digiri 35 zuwa 37.

Kare ta daga hasken rana kai tsaye, da girgiza, da iska mai sanyi. Mutane suna ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce, su manta cewa safiyar Disamba da Janairu a Jazira tana da sanyin da ya isa ya gigita maniyyi cikin daƙiƙu. Faɗuwar zafi farat ɗaya tana lalata fatar ƙwayar, kuma ko an sake ɗumama ta ba ta farfaɗowa.

Mataki na 6: Idan farjin roba bai yiwu ba

Akwai hanyar lantarki, wadda wani masani mai suna Gunn ya fara amfani da ita kan raguna a Ostareliya a 1936. Ana zura sanda mai santsi ta dubura, a riƙa ba da ƙaramar wuta na daƙiƙa biyu ko uku ana hutawa, har jijiyoyin da ke kusa su sa a saki maniyyi. Tana da amfani ga bunsurun da bai saba da mutane ba ko mai ciwon ƙafa. Amma tana da zafi, awaki kuma sun fi tumaki jin ta, za ka ji suna kuka. Aikin likitan dabbobi ne, da maganin kwantarwa, kuma awaki ba sa ɗaukar wasu magungunan kwantarwar da yawa, kuskuren awo kaɗan na iya kashe su. Kada wani ya haɗa na'urar gida da batirin mota. Ka sani kuma maniyyin da aka samu ta wannan hanya ya fi yawa amma ya fi ruwa-ruwa, fitsari yakan gauraya da shi, kuma ba ya gaya maka komai game da sha'awar bunsurun ko iya hawansa.

Hanya ta uku ita ce ɗiba daga bututun ajiya bayan an yanka dabba, ko ta mutu ta hanyar haɗari. Da ita ake ceton irin bunsuru mai daraja, da ita kuma ɗalibi zai koyi aikin madubi da marainan da ya karɓo daga mahauta. Yanke marainan da jakarsu, sa a leda, sa a kula mai ƙanƙara amma tsumma ya raba su da ƙanƙarar, zafi ya tsaya wajen digiri 5. A yi aikin a ranar, kada ya wuce kwana ɗaya. Fere wutsiyar bututun, goge jini sarai domin jini yana cutar da ƙwayoyin, ka tsattsaga ta da reza mai tsabta a cikin ɗan ruwan sirki mai ɗumi, ka bar ta minti goma ƙwayoyin su fito. Da farko za ka gan su lis, sai sun ji ɗumi suke motsi. Da yawansu za ka ga ɗan ɗigo a wutsiya, wannan ba aibi ba ne a irin wannan samfur. Dabbar da cuta ta kashe ba a ɗibar irinta.

Tsohuwar dabarar kwaso maniyyi daga gaban akuya bayan barbara ba ta da amfani sai don a ga ko akwai ƙwayoyi ko babu. Ya riga ya gauraya da majina, ba a gina hukunci a kansa.

Mataki na 7: Gwajin ido

Karanta yawansa a jikin kwalba. Bunsuru yakan ba da rabin mililita zuwa ɗaya da rabi. Kada ƙanƙantarsa ta ba ka tsoro, ƙarfinsa a kauri yake. Mai kyau fari ne mai kauri, launin kindirmo. Wanda ya yi tsararo kana hango haske ta cikinsa ƙwayoyinsa kaɗan ne. Wasu bunsuran nasu yana da ɗan rawaya daga halitta, saboda sinadarin ribofilabin, kuma ba matsala. Bambanta shi da rawayar fitsari ta hanyar wari da tsinkewa. Ja ko ruwan ƙasa jini ne, gudaji-gudaji kuma mugunya. Takardar tsami ta nuna tsakanin 6.4 da 7. Idan ta haura sosai, zargi fitsari ko ciwo.

Mataki na 8: Motsi

Wannan gwaji ba ya jira, a yi shi cikin minti biyar na farko. Gilashi dole ya kasance da ɗumin jiki. Inda babu wutar ɗumama shi, ɗora shi a kan leda ko gorar ruwa mai digiri 37, a shimfiɗa busasshen tsumma tsakani.

Ɗiga maniyyi zalla, ba murfi, duba a girma sau 40. Ba ƙwaya ɗaya-ɗaya za ka gani ba, taro za ka gani. A maniyyi na ƙwarai duhu da haske suna murɗawa da sauri, suna haɗuwa suna watsewa, kamar ruwan Nilu a bakin ƙofofin madatsar Sinnar lokacin cika. Ana ba da maki daga 0 zuwa 5: biyar ga mai murɗawa da ƙarfi, uku ga mai motsi a hankali, ɗaya ga wanda ke ɗan rawa kawai, sifili ga wanda ya tsaya cik. Abin da ya kai uku zuwa sama shi ake ci gaba da shi.

Sai motsin ɗaiɗaiku. Sirka ɗigo ɗaya da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi har ka iya ganin kowace ƙwaya, sa murfi, duba a girma sau 400 a wurare uku ko fiye. Ƙiyasta kashi nawa ne ke tafiya gaba sosai. Masu zagaye wuri ɗaya, da masu kaɗa wutsiya ba sa gusawa, ba a lissafa su, domin ba za su kai inda ƙwan akuya yake ba. Ana neman kashi 70 cikin 100 ko fiye. Idan ka ga yawancinsu suna zagaye ko suna ja da baya da lanƙwasasshiyar wutsiya, tuhumi sanyi ko ruwan sirkinka kafin ka tuhumi bunsuru.

Mataki na 9: Ƙirga

Ɗauki mikirolita 10 na maniyyi ka zuba a mililita 4 na ruwan gishiri mai fomalin. Ka sirka shi sau 400 ke nan, kuma fomalin ya tsayar da ƙwayoyin don su ƙirgu. Gauraya sosai, domin suna kwantawa ƙasa. Cika gilashin Neubauer ba tare da ya malala ba, bar shi minti biyar. A babban murabba'in tsakiya akwai gidaje 25. Ƙirga biyar: na kusurwa huɗu da na tsakiya. Kawuna ake ƙirgawa, kuma wanda ya hau layi a ɗauke shi idan layin sama ne ko na hagu, a bar shi idan na ƙasa ne ko na dama, don kada a ƙirga shi sau biyu. Jimlar ka ninka da miliyan 20. Idan ka sami 150, akwai biliyan 3 a kowace mililita. Lafiyayyen bunsuru yakan ba da biliyan 2 zuwa 5. Ƙirga ɓangarori biyu na gilashin, in sun yi nisa da juna a sake.

Mataki na 10: Rai da siffa

Haɗa ɗigon maniyyi da ɗigon rini mai ɗumi a gefen gilashi, jira kusan rabin minti, ja shi siriri da bakin wani gilashin, ka busar da sauri. Ƙwaya mai rai fatarta ba ta barin rini ya shiga, sai ta fito fara a kan duhu. Matacciya takan rine ja-ja. Ƙirga 200. Masu rai su kai kashi 70 zuwa 80.

A kan gilashin nan kuma ka duba siffa. Masu aibi kada su wuce kashi 20. Irin aibin yana nuna inda matsala take. Kai ƙarami, ko mai tsini, ko biyu, daga cikin maraina aka gina shi haka, kuma zafi ko zazzaɓi ko gado ke kawo shi. Ɗigo a wuya kusa da kai yana nuna ƙwayar ba ta nuna ba, abin da ake gani a ɗan bunsuru ko wanda aka yi wa aiki da yawa. Kawunan da suka rabu da wutsiya tare da fararen ƙwayoyin jini suna nuna ciwo. Lanƙwasar ƙarshen wutsiya kuwa sau da yawa daga hannun ma'aikaci take.

Mataki na 11: Sirki da ajiya

Idan niyyar ita ce a sa wa awaki maniyyin da hannu, lissafin ga shi. Mililita ɗaya mai biliyan 3, kashi 80 na motsi, tana da ƙwayoyi masu amfani biliyan 2.4. Idan kowace akuya za ta sami miliyan 150 zuwa 200, ɗiba ɗaya ta ishi awaki 12 zuwa 16.

A nan akwai tarkon da ya keɓanta da bunsuru. Littattafan shanu suna koyar da sirki da gwaiduwar ƙwai, ɗalibi ya kwafa, ya wayi gari maniyyi ya daskare ya mutu. Tun 1957 wani masani mai suna Roy ya nuna cewa ruwan maniyyin bunsuru yana ɗauke da wani sinadari daga wasu ƙananan ƙululu da ke gindin azzakari, wanda ke narka kitsen gwaiduwa ya mai da shi guba. Daga baya an gano yana yin irin wannan da kitsen madara. Mafita biyu ce: ko a wanke ƙwayoyin da injin juyawa a ɗakin gwaji a zubar da ruwan, ko a rage gwaiduwar ta zama kaɗan ƙwarai. Don amfani na ɗan lokaci, madarar da aka cire wa mai tana aiki, in an dafa ta a digiri 92 zuwa 95 na minti goma, aka huce, aka tace. Dafawar tana kashe wani sinadarin ɗanyar madara mai cutar da maniyyi.

Ruwan sirki da maniyyi su zama zafi ɗaya. Ruwan ake zubawa a kan maniyyi, kaɗan-kaɗan ta jikin kwalba. Sanyayawa zuwa digiri 5 ta ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu: sa kwalbar a kofin ruwa mai ɗumi, ka sa kofin a kula. A yi amfani da shi a ranar ko washegari. Daskarewa a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili aikin manyan cibiyoyi ne, irin cibiyar binciken dabbobi ta Hillat Kuku a Bahri, wato Khartum ta Arewa, da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Khartum a Shambat, waɗanda suka daɗe a wannan fage kafin yaƙin.

Mataki na 12: Hukunci da rubutu

Rubuta komai: rana, sa'a, yanayin gari, hanyar ɗiba, awon maraina, da duk sakamakon. Hukunci iri uku ne: ya ci, ya faɗi, ko a sake gwadawa. Gwaji ɗaya ya isa ka ce bunsuru ya ci. Bai isa ka ce ya faɗi ba, sai in ka ga aibi bayyananne kamar shanyewar maraina. Ɗibar farko bayan dogon hutu takan zo da tsofaffin ƙwayoyi, don haka a sake ta biyu bayan ɗan lokaci a ranar. In har yanzu ba kyau, a jira kwana 60.

Tuna da lokacin shekara. Maraina suna aiki ne idan sun fi jiki sanyi da 'yan digiri, shi ya sa suke rataye a waje. Zafin Afrilu da Mayu a Jazira, wanda ke haura digiri 40, yana rage ingancin bunsuran ƙwarai ma, musamman masu jinin waje, kuma tasirinsa yakan kai farkon damina. A wannan tsakani a yi masa rumfa mai iska, ruwa kada ya yanke, a ba shi harawa ko ciyawar barsim ko ta abu sab'in, da ɗan ambaz, wato tunkuza, da dusa da gishirin lasa, a ba shi maganin tsutsa.

Yadda za ka gaya wa mai shi ma aiki ne. Tsohuwa za ta tambaye ka: "Ɗana, in sayar da shi ne?" Kada ka amsa da lambobi. Ka ce: "Inna, yau bai yi kyau ba, amma kin ce ya yi zazzaɓi kafin salla. A ba shi inuwa da abinci, bayan wata biyu zan dawo. Kafin nan a kai awakin wurin wani bunsurun da aka gwada, don kada lokaci ya wuce su." Da haka ba ta yi asarar bunsuru ba, ba ta yi asarar haihuwar bana ba.

Lokacin da ya fi dacewa da duk wannan aiki shi ne wata biyu kafin a saki bunsuru cikin awaki, da kuma kafin a biya kuɗin sabon bunsuru. Sannan ka bi sawu: akuyar da ba ta ɗauka ba takan dawo nema bayan kwana 21, wadda ta ɗauka takan haihu bayan kusan kwana 150. Koma ka rubuta nawa suka dawo, nawa suka haihu, ka gwada da abin da madubi ya nuna maka. Ta haka idonka zai ƙware, kuma ta haka mutanen gari za su yarda su kawo maka bunsuransu tun kafin asara ta same su.